Gajiyar Masu Duba Faci a Brussels

Duk shekara, a tsakiyar hunturu, harabar Solbosch ta Jami'ar ULB da ke Brussels, babban birnin Beljiyam, takan cika maƙil da masu rubuta manhaja daga sassan duniya. Sunan taron FOSDEM. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, ba a ma yin rajista. Ka sauka daga bas mai lamba 71, ka bi ayarin masu goye da jakar kwamfuta, sai ga ka a ciki. 'Yan sa-kai ne ke shirya shi, kuma sukan ƙiyasta mahalarta da kusan 8,000. Na 2026 ya faɗo a ranakun 31 ga Janairu da 1 ga Fabrairu, kuma shi na halarta, cikin sanyi mai ratsa ƙashi.

Abin da ya tara wannan jama'a shi ne buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara. Linux, wadda ke ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihunmu, irinta ce. Tsarin aikin ba shi da wuyar fahimta: idan ka ga kuskure, sai ka rubuta gyara, wanda suke kira faci, ka aika wa masu kula da manhajar. Su ne za su karanta, su gwada, su karɓa ko su mayar maka. Yawancin masu kulawar nan ba albashi ake ba su ba. Da dare suke yin aikin, bayan sun taso daga inda suke neman abinci.

Maganar da ta fi yawo a farfajiya, da layin sayen soyayyen dankali, da bakin ɗakunan da suka cika har aka manna takardar hana shiga, ita ce ta 'yan aiken ƙirƙirarriyar basira. A 2021, lokacin da GitHub ya fito da Copilot, abin bai wuce ya ƙarasa maka layi ko ɗan sashen da ka fara rubutawa ba. A 2025 al'amarin ya sauya. Claude Code, da Codex na OpenAI, da sabon ɗan aiken Copilot, duk sun fito a shekarar, kuma aikinsu ya wuce ba da shawara. Kana faɗa wa ɗan aiken abin da kake so, shi zai buɗe fayiloli, ya karanta, ya rubuta gyaran, ya gwada, ya sake gyarawa, ya ɗaure facin da bayaninsa cikin Turanci mai santsi. Wanda bai taɓa leƙa cikin wata manhaja ba yana iya aika mata faci goma kafin shayinsa ya huce.

A nan gizo ke saƙar. Rubutawa ta yi araha, karantawa kuwa tana nan da tsadarta.

Ba wanda ya fi Daniel Stenberg bayyana wannan ciwo. Ɗan ƙasar Siwidin ne, kuma tun 1998 yake riƙe da curl, wata ƙaramar manhaja mai jigilar bayanai a intanet, wadda ke cikin biliyoyin na'urori: wayoyi, motoci, talabijin, injinan buga takarda. A taron, ya yi jawabi a babban ɗakin Janson kan tsaron manhaja a zamanin ƙirƙirarriyar basira, ɗakin kuwa ya yi cikar kwari. Daga 2019 curl ta riƙa ba da tukwicin kuɗi ga duk wanda ya gano ɓaraka ta gaske a cikinta, ta dandalin HackerOne, kuma abin da aka biya ya haura dala 90,000. Sai rahotannin da na'ura ta ƙaga suka fara kwararowa. Rahoto ne tsaf, da kanun magana, da matakan gwaji, da gargaɗin haɗari, amma wani lokaci sashen manhajar da ake cewa yana da ɓaraka ma babu shi kwata-kwata. A tsakiyar 2025 Stenberg ya bayyana cewa kusan kashi 20 cikin 100 na rahotannin da suke samu irin wannan shara ce, kuma waɗanda suke tabbata gaskiya sun sauko zuwa wajen kashi 5. A lokacin, mutum bakwai ne ke duba harkar tsaro a curl. Rahoto guda kan ci lokacin uku ko huɗu daga cikinsu, kowa daga rabin awa zuwa awa uku, domin ba a watsar da zancen ɓaraka ba tare da an bincika ba. Idan ya zama gaskiya, biliyoyin na'urori ne ke cikin haɗari. A ƙarshen Janairun 2026 curl ta rufe shirin tukwicin baki ɗaya.

Ina zaune a ɗakin nan, abin da ya zo mini a rai shi ne mace guda da aka jibge wa buhunan shinkafa aka ce ta tsince tsakuwa, alhali injin da ke cika buhunan ba ya tsayawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mutanen da aka gajiyar su ne suka shekara da shekaru suna yi wa duniya aiki kyauta.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren, kuma Stenberg da kansa bai ɓoye shi ba. A 2025 wani mai binciken tsaro, Joshua Rogers, ya bi curl da kayan bincike masu amfani da ƙirƙirarriyar basira, ya tace abin da suka fitar, ya aika da dogon jerin kurakurai. Da yawa sun tabbata na gaske, aka gyara gommai daga ciki, Stenberg ya yaba masa a bainar jama'a. A 2024 ma, irin wannan kayan bincike, Big Sleep na Google, ya gano wata ɓaraka a manhajar SQLite kafin ta kai ga masu amfani. Kayan aikin iri ɗaya ne a hannun mai aiko shara da a hannun Rogers. Bambancin, shi Rogers ya zauna ya karanta, ya gane, ya ɗauki nauyin abin da ya aika.

A ginin K, inda ƙungiyoyi ke kafa teburansu suna raba sitika, za ka ga yadda kan jama'ar ya rabu. Gentoo ta haramta gudummawar da aka rubuta da irin waɗannan kayan tun Afrilun 2024. NetBSD ta biyo baya a shekarar, ta ce irin wannan rubutu gurɓatacce take ɗaukarsa sai shugabanninta sun amince a rubuce. QEMU ta ƙi karɓa a 2025, hujjarta kuwa ta doka ce. Tun 2004, sakamakon rikicin shari'a da kamfanin SCO, masu gina Linux suka shigo da al'adar cewa duk mai aika faci sai ya sa sunansa a ƙarshe, yana shaida cewa shi ya rubuta, ko yana da haƙƙin miƙawa a ƙarƙashin lasisin manhajar. To, rubutun da na'ura ta haɗo bayan ta koya daga miliyoyin manhajoji masu lasisi daban-daban, wa zai iya rantsuwa kan asalinsa? An shigar da ƙara a Amurka kan Copilot tun Nuwamban 2022 saboda irin wannan tambaya. Fedora kuwa, a Oktoban 2025, ta buɗe ƙofa da sharaɗi: ka yi amfani da shi, amma ka bayyana cewa ka yi, kuma alhakin kowane layi yana wuyanka.

Matsayin Fedora ya fi kwanta mini, ko da yake ban ga laifin waɗanda suka rufe ƙofa ba. Ƙungiyar da mutum biyu ko uku ke riƙe da ita tana da ikon kare barcinsu.

Na haɗu da wani dattijo Bajamushe mai kula da wata ƙaramar manhaja, muna jiran ɗaki ya ragu. Ya ce mini shi ma yana amfani da ɗan aike wajen rubuta gwaje-gwaje da ayyuka masu gundura, kuma yana jin daɗinsa. Abin da ke damunsa daban ne. A da, idan baƙo ya aiko faci mai rauni, yakan ɓata lokaci ya yi masa bayani, domin ya san wataƙila nan da shekara biyu wannan baƙon ne zai taya shi riƙon aikin. Yanzu yakan rubuta dogon bayani, mai facin ya kwashe ya zuba wa na'ura, ya dawo masa da amsarta. Ba wanda ya koyi komai. Ko ribar saurin ma akwai ayar tambaya a kanta: a wani bincike da ta wallafa a Yulin 2025, cibiyar METR ta gwada ƙwararru 16 a kan manhajojin da suka daɗe suna aiki a ciki, sai aka ga da taimakon ƙirƙirarriyar basira aikin ya ƙara ɗaukarsu lokaci da kashi 19, alhali su a ransu sun ɗauka sun yi sauri da kusan kashi 20. Kayan sun ƙara ƙarfi tun lokacin, amma tazarar da ke tsakanin abin da mutum ke ji da abin da agogo ya nuna ta isa a yi hattara.

Kada a manta, wannan jama'a ba ta gama farfaɗowa daga abin da ya faru da manhajar xz ba. A Maris 2024 Andres Freund ya gano wata ƙofar sirri da aka dasa a wannan manhaja, kuma wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana neman yardar mai kula da ita, mutum guda da aiki ya yi wa yawa. Tun daga nan ake kallon baƙo da ido biyu. Yanzu ga shi an sami hanyar da baƙo ɗaya zai iya zama ɗari.

Wannan shi ya fi taɓa ni, domin na san waɗanda za su biya kuɗin wannan zargi. Matashin da ke koyon rubuta manhaja a Kano ko Zariya ko Damagaram ba shi da kuɗin jirgi zuwa Brussels, balle bizar shiga Turai, ya zo ya gaisa da masu kulawa ido da ido. Hanya ɗaya da yake da ita ta nuna kansa ita ce faci mai kyau daga sunan da ba a sani ba, kuma ta wannan hanya 'yan Afirka da dama suka sami aiki a kamfanonin waje. Tuni wasu ƙungiyoyi suka fara taƙaita karɓar faci daga waɗanda ba su sani ba, wasu kuma suna neman sai wani na ciki ya tsaya wa mutum. Matashinmu da ya kwana yana karanta rubutun wata manhaja da hasken fitilar caji zai iske ƙofar a rufe, saboda laifin wasu da suka aika faci hamsin ba su karanta ko ɗaya ba.