Zauren Malam da 'yar garkarsa

A Tawa ta ƙuruciyarmu ba a tambayar inda gidan malami yake. Tun daga nesa za ka hango alluna jingine da bango, da tokar wutar karatun dare a ƙofar gida, da zauren da ba ya rufuwa daga asuba har bayan lisha. Gidan kakana na wajen uwa irin wannan ne, a tsohon gari, inda dattawa ke cewa ƙauyukan Bilbis da Fakuwa suka haɗe suka zama Tawa. A hannunsa na tashi, a shekarun da ke tsakanin farin 1973 da na 1984.

Duk wanda ya tsara gidan nan, daga zaure ya faro tunaninsa. Tushen na dutse ne, don Adar ba ta rasa dutse, daga nan tubali ya ɗauka har sama. Kaurin bangon ya fi kamu guda. Rufin ɗaurin guga ne: bakuna suna tashi daga bango su haɗu a tsakiya, an jera gajerun itatuwa bisa juna an lulluɓe da laka. Dalilin wannan fasaha a fili yake. Ƙasarmu ba ta da dogayen itatuwa, azarar giginya kuwa daga nesa ake kawo ta da tsada, sai magina suka koyi rufe ɗaki mai faɗi da guntaye. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutum zai shigo yana haki, ya zauna bisa daɓe, kafin a gama gaisuwa gumi ya bushe.

Ƙofofin zauren biyu ba sa kallon juna. Ta waje tana tsakiya, ta ciki tana can kusurwa, don haka mai wucewa ba ya ganin komai sai bango da Malam bisa buzunsa. Gafakokinsa suna rataye a sama saboda gara, fitila tana cikin alkuki. Da hantsi manyan ɗalibai ke zagaye shi, kowa da littafinsa, mai Ahalari, mai Iziyya, mai Risala, ɗalibi ya karanta Larabci Malam ya fassara. Bayan azahar zauren ya koma na gari: masu rabon gado, masu neman a sasanta su, mai son a zaɓa wa jaririnsa suna. Buzu ya taso daga Abalak ko Cintabaradan dare ya same shi, a nan zai kwana, akushin tuwo ya fito masa daga hannun da ba zai taɓa ganin mai shi ba.

Bayan zaure akwai ɗan fili da ɗakin almajirai, sai shigifa, sai cikin gida da ɗakunan mata da rumbunan laka da turken awaki. Iyakar inda ƙafarka ta tsaya, ita ce matsayinka a gidan. Mu yara kaɗai ke ratsa ko'ina, shi ya sa aike bai ƙare mana.

Garkar tana bayan turakar Malam, an kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Faɗinta bai fi na ɗaki biyu ba. A garin da ruwan shekara da ƙyar yake kai milimita 400, kuma kowane tulu a ka ake ɗauko shi daga rijiya, ba wanda zai yarda a ɗebi ruwan randa don shuka. Sai Malam ya mai da wurin alwalarsa can. Yau gindin lemun tsami, gobe gindin lalle, jibi zogale. Ni ke riƙe masa buta, yakan ce, "Aboki, matsa da ita wajen ɗoɗɗoya, yau rabonta ne." In na ce, "Allah gafarta Malam, ai jiya ta sha," sai ya ce in taɓa ƙasar in ji. Babu tsiron da ke wurin don ado kawai. Lalle na mata ne, zogale da yakuwa na tukunya, magarya kuwa 'ya'yanta namu, ganyenta na wankan gawa, ana aiko a ɗiba daga unguwa duka. Tsakanin la'asar da magariba yakan zauna can shi kaɗai yana bitar abin da zai karantar gobe, ba a kai masa saƙo sai na rasuwa.

Da na girma na ci karo da labarin lambunan gidajen malaman ƙasar Sin, musamman na birnin Suzhou, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997. Mafi shahara shi ne lambun da Wang Xianchen ya fara a wajen 1509, bayan ya bar aikin sarki: tafkuna, duwatsu da aka zaɓo aka jera, hanyoyi masu lanƙwasa don kada ido ya cinye wurin a kallo ɗaya. Su ma sukan gina bango a mashiga ya tare idon baƙo, dabarar da na sani tun ina yaro. Amma malaminsu can ƙurya yake kai ɗakin karatunsa, bakin ruwa, nesa da hayaniya, abokai 'yan kaɗan ke isa gare shi. Namu a bakin titi ya ajiye littattafansa, ya bar wa kansa 'yar garka kawai. Kyan nasu ba ya musuntuwa, na kuma san abin da namu tsarin ya ci wa Malam, domin ya rasu da rubuce-rubucen da bai sami sukunin kammalawa ba. Duk da haka zaurensa na fi so, don talakan da bai iya ko baƙi ba yana da wurin zama a cikinsa.

Maginin da ke yi mana yaɓe kafin damina ba ya gajiya da zancen Falke Barmu, wanda ya fara masallacin Yama a 1962, ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu tsakanin 1975 da 1982. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, da laka da hannu irin waɗanda suka rufe zaurenmu. A daidai lokacin kuma mutanen gari suka fara jin kunyar ginin ƙasa.

Farin 1984 ya kashe lemun. Bayan rasuwar Malam aka raba gado, zauren ya faɗa rabon wanda ya fi bukatar kuɗi, aka rushe shi aka yi shaguna na siminti da kwano. Ban zarge shi ba, yaɓe kowace shekara aiki ne, almajiran da ke kwaɓa laka kuwa sun watse. A Dandaji, cikin jiharmu ta Tawa, an bi wata hanya: a 2018 Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon jar ƙasa, tare da maginan yankin. Ɗan kawuna da ya gaji littattafan yana karantarwa har yanzu, a rumfar kwano gefen shagunan, kuma da bazara dole yake sallamar ɗalibai kafin rana ta take.