Ashe Ba Ciwon Zuciya Ba Ne

Ina aji biyu na babbar sakandare abin ya fara, wata ranar Litinin. Malamin Lissafi ya rubuta tambaya a allo, ya juyo yana duba fuskokinmu, sai ya miƙo mini alli. Na san amsar sarai, domin a daren Lahadi na yi irinta har sau uku a gida. Amma ina miƙewa sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, bakina ya bushe. Na tsaya gaban allo kamar an dasa ni, lambobin suna rawa a idona. Wani daga baya ya yi tarin gangan, aji ya fashe da dariya. Malam ya ce in koma in zauna.

Abin bai fi minti biyu ba, amma ya bi ni har gida. Tun daga yammacin Lahadi cikina yake fara murɗawa. Na bar kujerar gaba na koma can ƙurya, bayan wani dogon yaro. Daga baya na ƙirƙiro ciwon kai na ranar Litinin, in fake a bayan ɗakin gwaje-gwaje har a fita darasin. Duk ranar da na gudu nakan ji sanyi a raina, amma Litinin ta gaba tsoron ya fi na baya. Kafin ƙarshen zango, ko sunana aka kira a rajista sai gabana ya faɗi.

Ban faɗa wa kowa ba. An raine mu a kan cewa namiji ba ya tsoro, to ta ina zan fara cewa alli ne yake firgita ni? Sai na ɗauka maganin abin shi ne ƙarin karatu. Nakan raba dare ina bitar littafi, ina cin goro, ina shan shayi mai kauri don kada barci ya ɗauke ni. In na kwanta kuma sai tunani: in na faɗi WAEC fa? Da wane ido zan kalli Baba, wanda ya sayar da tumakinsa don karatuna?

Wani dare wajen ƙarfe biyu na farka numfashina yana sarƙewa, zuciyata kamar za ta fasa ƙirji, yatsuna kamar ana tsira musu allura. Kakana da hawan jini ya rasu, don haka na tabbata tawa ce ta zo. Umma ta riƙe ni tana tofa mini addu'a har abin ya lafa. Da safe maƙwabciyarmu ta ce iska ce, a nemi mai magani. A makaranta kuma, wani abokina da ya ga na rame ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini ƙwaya, ya ce in na sha ɗaya ko gaban gwamna zan iya tsayawa. Na daɗe ina kallonta. Abin da ya hana ni karɓa shi ne na san yadda yayansa ya koma a unguwarmu.

Kawuna, ƙanin Umma, ma'aikacin jinya ne. Da ya zo hutun Sallah ya ji labari, bai yi musu da kowa ba. Ya ce a ci gaba da addu'a, amma gobe zai kai ni asibiti. Likita ya saurari ƙirjina, ya auna jinina, aka yi gwajin zuciya da na ƙarancin jini. Komai lafiya lau. Maimakon in yi murna sai na ji haushi, don gani nake za a ce ƙarya nake yi.

A hanyar gida Kawu ya tsayar da babur a gindin wata darbejiya, ya ce, "Zauna, yaro. In mahaukacin kare ya biyo ka yanzu, me jikinka zai yi?"

Na ce, "Gudu mana, Kawu."

Ya ce, "Kafin ka yi tunanin gudun, jikinka ya riga ya shirya."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke aiki kamar maigadi. Da ya hango haɗari sai ya aika saƙo ga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini ƙafafu da hannuwa, numfashi ya yi sauri, gumi ya keto, aikin narkar da abinci ya ja baya, shi ya sa baki ke bushewa, ciki ke murɗawa. Numfashin sama-sama da sauri kuma shi ke kawo jiri da tsirar yatsun nan. Duk wannan shiri ne na ceton rai. Matsalar ita ce wani lokaci maigadin ba ya bambance kare da allon aji. Ya ce, "Sunan abin da ke damunka fargaba. Abin da ka ji da dare gaskiya ne, ba ƙarya ka yi ba. Yana tashi ya kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci, sannan ya sauka da kansa. Kuma duk ranar da ka gudu daga aji, kana tabbatar wa maigadin nan cewa da gaske akwai kare a ciki."

Maganar nan ta ƙarshe ta fi komai shiga ta. Ashe gudun da nake yi shi ne abincin tsoron.

Ya koya mini abubuwa kaɗan, babu mai tsada a ciki. Na farko numfashi: in ja iska ta hanci a hankali ina ƙirga huɗu, in sake ta a hankali ina ƙirga shida, in maimaita har jiki ya sassauta. Ya ce in riƙa gwadawa kullum lokacin da nake lafiya, don ba a koyon iyo ranar ambaliya. Na biyu, in bar goro da shayi mai kauri daga la'asar, domin sinadarin kafin da ke cikinsu da cikin kofi yana ƙara bugun zuciya, yana korar barci, alhali matashi irina yana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma. Na uku, in damuwa ta taso da dare in rubuta ta a bayan littafina, in raba shafin biyu: abin da zan iya yi a kai gobe, da abin da ba ya hannuna. Sakamakon jarrabawa ba ya hannuna. Bitar babi ɗaya tana hannuna.

Na huɗu shi ne mai wuya: in koma gaban allo, amma mataki-mataki. Na fara da ƙanwata, ina yi mata lissafi da gawayi a bangon zaure. Sai abokaina uku bayan an tashi. Sannan na cije na je ofishin malamai na faɗa wa Malamin Lissafi komai. Na zaci zai yi dariya. Ya yi shiru, ya ce, "Me ya hana ka zuwa tun tuni?" Muka yi yarjejeniya zai riƙa gaya mini tun ranar Juma'a tambayar da zan fito in yi. Ranar farko alli ya karye a hannuna, muryata tana rawa, amma na kai ƙarshe. Bayan wata biyu na ce ya daina gaya mini.

Ba zan ce muku ta tafi ba. Ranar JAMB, bayan an ɗauki zanen yatsana na zauna gaban kwamfuta, ga tambayoyi 180 cikin awa biyu, sai ga ta ta dawo da ƙarfinta. Bambancin shi ne wannan karon na san ta. Na ɗauke hannuna daga kan madannai, na yi numfashina sau goma, na fara da tambayar da na fi sani. Minti biyu na rasa, na kuma gama kafin lokaci ya cika.

Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da lalurar fargaba a shekarar 2019, miliyan 58 daga cikinsu yara da matasa. Na tuna ajinmu, na tambayi kaina mutum nawa ne a cikin masu dariyar nan suke ɓoye irin nawa.

Ɗan faɗuwar gaba kafin jarrabawa ko muhawara ba ciwo ba ne, har yakan sa mutum ya shirya da kyau. Amma in abin ya ɗauki makonni yana hana ka barci, ko cin abinci, ko shiga aji, ko ka fara tunanin cutar da kanka, kada ka tsaya a kan dabarun da na lissafa. Ka gaya wa babba, a je asibiti. Ciwon ƙirji ma likita ne zai tantance shi, kamar yadda aka yi mini. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato, kuma ba sai wanda ya fita hayyacinsa ke zuwa can ba. Fargaba tana jin magani, sau da yawa ma ta hanyar zama da ƙwararre a yi magana.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kin ga kanki ko ka ga kanka a labarin nan, a zaɓi mutum ɗaya a makon nan a faɗa masa: uwa, yaya, gwaggo ko malamin da aka yarda da shi. In kuma wani ya daskare a gaban allo gobe, kada ka zama mai tarin nan.