Hoton da na goge a Montreal

Shekara bakwai na yi ina koya wa yaran lakwal kalmar Faransanci ta dusar ƙanƙara ba tare da na taɓa ganinta ba. Sai in zana ɗigo-ɗigo a allo da farin alli, in ce musu kamar auduga ce take faɗowa daga sama. Su maimaita, in ba su maki, mu wuce. Haka aka koya mini a makarantar horon malamai, haka na sauke musu.

A ƙarshen 2012 Allah ya sa na samu ƙaro ilimi na wasu watanni a Montreal ta ƙasar Kanada. Na sauka a unguwar Côte-des-Neiges, inda baƙi ƴan Afirka da Asiya suke da yawa. Ranar Alhamis 27 ga Disamba aka wayi gari sama ta ɓalle. Dusar da ta zuba a wannan yini ta haura santimita 45, ta zarce ta 4 ga Maris 1971 wadda tsofaffin garin suke ba da labari. Mai gidan da nake haya ta ce, "Malam, yau ba ranar fita ba ce." Na ce mata ina da yara 62 a Damagaram da nake bin kaina bashin hoto.

Na saka wando biyu, na ɗauki ƙaramar kyamara na fita da ƙafa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Dusar tana shanye ƙara, mota ta wuce kusa da kai kamar a mafarki. Motocin da aka ajiye a bakin titi sun koma tuddai farare. Babbar majami'ar Saint-Joseph da ke kan tudu ta ɓace, kamar yadda hazo yake ɓoye fadar Sarki idan ka tsaya nesa a Birni.

Hotunan farko duk sun fito toka-toka. Kyamara idan ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, dole ka ƙara mata. Sanyi kuma yana cinye batir, bayan rabin awa ta mutu, sai da na cusa batirin a hammata ya ɗumama sannan ta farfaɗo. Da na cire safar hannu don in danna, yatsuna suka daina ji.

A wani lungu na hango mutum da shebur yana haƙa hanya a ƙofar wani dogon gini, dusa har gwiwarsa. Na ɗaga kyamara na ɗauka. Hoton ya yi kyau ƙwarai: baƙin mutum shi kaɗai cikin farar duniya. Sai ya ɗago ya yi mini magana da Faransanci, da ya ji muryata ya juya harshe ya ce, "Ɗan'uwa, Bahaushe ne kai?" Muka gaisa kamar a bakin kasuwa. Daga nan ya ce, "Don Allah ka goge. A gida sun ɗauka ofis nake aiki. Tsohuwata idan ta ga wannan ba za ta yi barci ba."

Na yi jim. Wannan ne hoton da nake so in nuna wa yaran da kullum suke cewa idan sun girma Turai za su. Amma fuskarsa ce, sirrinsa ne, kuma ban nemi izini ba. Na goge a gabansa. Ya miƙo mini shebur yana dariya, na yi minti goma ina taya shi, bayana ya gaya mini nauyin abin da nake kira auduga.

Da na dawo na nuna wa ajina hotuna 40. Sun yi ta ihu a kan motocin da suka nutse. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to awakinsu me suke ci?" Wani ya ce, "Wa yake share wannan duka?" Sai na ba su labarin mai shebur, ban faɗi garinsu ba. Ajin ya yi tsit fiye da yadda kowane hoto ya sa su.

Tun daga lokacin, duk hunturu idan hazo ya sauko, nakan fita da yara mu zaga unguwa da waya ɗaya. Su ɗauki mai shayi da wutarsa, da almajiri cikin bargo, da masu jiran ruwa a famfo. Doka ɗaya ce: ka yi sallama, ka nemi izini, idan aka ce a'a ka sauke hannu.

Iyaye, hotunan da ƴaƴanku suke gani a Facebook na masu kaya masu kyau a ƙasar waje, ku riƙa tambayarsu wa yake share dusar. Malamai ƴan'uwana kuma, idan za mu koyar da abin da ba mu taɓa gani ba, babu kunya mu ce wa yara ba mu gani ba.