Inuwar da ke bayan haƙarƙari

Tarin Baba ya fara ne da kaka, muka ɗora laifin a kan ƙurar sussukar gero. A ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta, wa ba ya tari a wannan lokaci? Sai da rigarsa ta fara yi masa yawa, yana kwana cikin gumi, sannan hankalinmu ya tashi.

Ranar kasuwa masu gwajin tarin fuka suka zo da na'urar hoton ƙirji da ake goyawa a baya. Ba fim, ba ɗakin wanke hoto. Allo ne kawai mutum zai manna ƙirjinsa a jiki, hoton ya fito a kwamfuta nan take.

Hoton farko ya fito fari-fari kamar hazo. Mu da muka leƙa har mun fara salati. Ma'aikacin bai ko ɗaga kai ba. Ya ce Baba bai cika huhunsa da iska ba. Iska ce ke sa huhu ya fito baƙi, in ta yi kaɗan sai komai ya cunkushe, har zuciya ta yi kamar ta kumbura. Ya sake tsayar da shi, ya tura kafaɗunsa gaba.

"Baba, ja numfashi sosai. Riƙe!"

Da muka dame shi da tambaya, ya ce hoton ƙirji yakan so ƙarfin da ya haura kilobolt 100, don hasken ya ratsa ƙashi a ga abin da ke bayansa. In hasken da ya isa allon ya gaza, hoton yakan yi tsakuwa-tsakuwa. In ya yi yawa kuma, kwamfuta kan gyara shi ya fito tas, ba mai gane cewa an ɗora wa mutum fiye da kima. Wannan ne ya fi tsaya mana a rai.

Sai ya dinga murza bambancin fari da baƙi a hankali. Can sama ta dama, inda ƙasusuwa suka haɗu, wata inuwa ta bayyana, wadda da farko ba mu gan ta ba.

Ƙaninmu ya zaro waya zai ɗauka ya tura wa yayanmu a Kano ta WhatsApp. Ma'aikacin ya ce ya ɗauka, amma kada a yanke hukunci da shi, waya takan cinye toka-tokan da ake nema. Hoton ma zargi ne kawai, gwajin kaki ne zai tabbatar.

Ya kuwa tabbatar. Magani na wata shida, kyauta. Washegari muka jera jikoki huɗu da ke kwana a ɗakin Baba, muka kai su a duba.