Ƙafafu Huɗun da Suka Ƙi Bin Umarni

A daminar bara na yi wa wani bawan Allah ƙazafi a gaban jama'a, kuma sai bayan kwana uku na gane haka.

Ƙanwata ce ke haɗa aikin kammala karatunta na injiniya: wata na'ura da za ta kashe injin rijiyar burtsatse da zarar tanki ya cika. Ni ɗan jarida ne. Abin da ya haɗa ni da aikin shi ne aljihuna da zaman daren da nake taya ta. Zuciyar na'urar wata 'yar ƙwaƙwalwa ce baƙa mai suna ATmega32, tsawonta kamar ɗan yatsa, tana da ƙafafu 40, waɗanda 32 daga cikinsu ke karɓar umarnin mai rubuta manhaja. Ta jona allon rubutu a rukunin ƙafafun da ake kira C, ta ɗora manhaja, allo ya ƙi cewa uffan. Da muka auna da mita, sai muka tarar ƙafafu huɗu, daga PC2 zuwa PC5, ba sa motsi. Muka sa ta biyu, haka. Ta uku ma haka.

Na kwashe su na koma shagon da na saya. “Alhaji, jabu ka sayar mana,” na ce, murya a sama. Ya dube ni ya ce, “Malam, yadda suka zo mini haka na ba ka. Ko ledarsu ban buɗe ba.”

Ashe amsar matsalar ya ba ni, shi bai sani ba, ni ban ji ba. Yadda suka zo ɗin ne dalili. Irin wannan ƙwaƙwalwa tana fitowa daga masana'anta da wata ƙofa a buɗe mai suna JTAG, tsarin da aka amince da shi tun 1990, wanda ke ba injiniya damar ɗora manhaja, ya tsayar da ita tana cikin aiki, ya leƙa ya ga inda kuskure yake. Ƙofar nan ƙafafu huɗu take ci, kuma su ne waɗanda muka ɗauka matattu. Kamfanin Atmel, wanda Microchip ya saye a 2016, ya rubuta hakan ɓaro-ɓaro a kundin bayanin na'urar. Mu ne ba mu karanta ba.

Da farko na ji haushin tsarin. Daga baya na ga hikimarsa: ƙwaƙwalwar da ta fito sabuwa fanko ce, kuma wanda aka ƙera ta dominsa shi ne mai gini, ba mai zama a gida ba. Magini ba ya sa kwaɗo kafin a shigo da yashi. Shi ya sa ma take zuwa da agogonta na ciki, mai gudun megahaz 1, don ta amsa kira ko ba a jona mata komai ba.

Rufe ƙofar kuwa, nan ake yin ta. Saitin yana cikin wasu 'yan makullai da ake kira fiyus, kuma lissafinsu a juye yake: 0 na nufin a kunne, 1 na nufin a kashe. Ƙanwata ta rufe JTAG daidai, amma a garin haka ta taɓa saitin agogo, ta umarci ƙwaƙwalwar ta jira bugu daga waje, bugun da ba mu tanada ba. Nan take ta yi gum, ko na'urar ɗora manhaja ba ta ƙara ganinta ba. Ana iya farfaɗo da ita, ko a ba ta bugun, ko a yi amfani da na'ura mai tura bolt 12, amma a daren nan ba mu da ko ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a matsayin ɗan jarida shi ne ɗaya gefen. Idan mai haɗa na'ura ya kai ta kasuwa ba tare da ya sa makullin kariya ba, duk mai 'yar waya da sani zai iya kwafe manhajar da aka yi wata da watanni ana rubutawa. Ƙwaƙwalen STM32 da yawa suna da matakai uku. Suna zuwa a mataki na 0, a buɗe. A mataki na 1 ba a karanta manhajar, kuma wanda ya nemi komawa baya sai komai ya goge. Mataki na 2 ba ya warwaruwa har abada, ko ga wanda ya rufe. Idan aka gano kuskure daga baya, ta wannan ƙofa dai ba shiga.

Ƙanwata ta bar tata ba kariya, don malamanta su iya dubawa. Ni kuma na koma shagon ranar Asabar, na jira har masu saye suka taru kamar na ranar farko, sannan na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya tambaya ko zan ƙara ɗaya a madadin wadda muka kashe. Na sayi biyu.