Tiyon birkin da ya fashe mana a hanyar gona

A kakar bara, wata Asabar da la'asar sakaliya, muna fitowa daga gonar gidanmu da ke wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi. Ƙanena ne ke tuƙi, ina gefensa, a bayan akori-kurar tamu ƙirar Hilux kuma akwai buhu 18 na masara, da samari biyu 'yan ƙwadago zaune a kai. Da muka iso gangaren da ke kaiwa rafi, sai na ga ƙafarsa ta nutse da fedar birki har kusan ƙasa.

"Yaya, birki ya tafi," ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba.

Ya dawo da giya ƙasa, ya riƙa jan birkin hannu a hankali, motar tana gurnani, har ta je ta kafe a cikin yashin bakin rafi. Babu wanda ya ƙwarzane. Samarin ma dariya suke yi, domin ba su san abin da ya faru ba. Da na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, sai ga man birki yana ɗiga daga wani ɗan tiyon roba wanda kaurinsa bai wuce na yatsa ba.

Wani direba da ya tsaya taimaka mana ya ba da shawarar a toshe layin baya, a kaɗa ruwan omo a zuba a madadin mai, wai su haka suke yi. Na yarda da toshewar, na ƙi omon. Ɗan acaɓa ya sayo mana mai daga Bakori, muka sauke rabin kayan, muka lallaɓa zuwa Funtua bayan isha'i.

A nan ya kamata in faɗi abin da ke ba ni kunya. Fiziks nake koyarwa a jami'a. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai ƙa'idar Pascal, masanin nan na Faransa na ƙarni na 17, wadda ke cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe, matsin zai isa kowane saƙo nasa ba tare da raguwa ba. Misalin da nake bayarwa kullum shi ne birkin mota. Amma watanni huɗu kafin wannan rana, ni ne na tsaya a gareji aka ƙara wa motar falle biyu na sifirin a kowane gefe, aka sa mata shakazoba masu tsawo, ta ɗaga kamar faɗin tafin hannu. Na yi ciniki a kan kuɗin ƙarfe har gumi ya keto mini. Ban tambayi komai game da birki ba, wanda ya yi aikin ma bai ɗauko zancen ba.

Ba na cikin masu ganin laifin wannan ƙari. Irin wannan mota an ƙera ta ne don ɗaukar kimanin tan 1, wato buhu 10 na masara. Manomin da ke ƙauyukan Kafur ko Danja, wanda tsakaninsa da kwalta akwai taɓo da kwazazzabai, ba zai yi sawu biyu a inda ɗaya zai isa ba, musamman da tsadar man fetur tun bayan cire tallafi a 2023. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dandume ya ga yadda motocin ke shigowa ya san ƙarin sifirin ya zama ruwan dare. Abin da ke damuna shi ne muna ɗaga motar, mu bar jijiyarta a tsohon tsawonta.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Funtua. Bai saurari dogon bayanina ba. Ya sa yaransa suka kafa jak a ƙarƙashin shasi, suka ɗaga har tayoyin baya suka bar ƙasa, aksil ya rataya. Sannan ya kira ni.

"Malam, zo ka gani da idonka."

Ragowar tiyon ya miƙe tamkar tsirkiyar baka. Ya nuna mini tsarin, wanda na sani a takarda amma ban taɓa bi da yatsa ba. Bututun ƙarfe yana tasowa daga masta, ya bi jikin shasi zuwa baya. Shasi da aksil ba tare suke motsi ba, sifirin ne tsakaninsu, saboda haka a wannan gaɓa dole a sa tiyon roba mai lanƙwasuwa. Shi yake sauka kan aksil, inda mai ke rabuwa biyu, bututun ƙarfe ya kai shi ga kowace taya. Birkin baya gaba ɗaya ya dogara ne a kan wannan tiyo guda.

"A fili, motar tana tsaye, za ka ga kamar ya isa," in ji shi. "To mota a fili take aiki?"

Sai ya faɗi abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Ya ce ba kayan da muka ɗauko ne suka cinye tiyon ba, tafiyar safe ce, lokacin da motar ba komai a cikinta. A sannan ne take tsalle, taya ɗaya ta hau gaɓa ɗaya ta faɗa rami, aksil ya sauka iyakar saukarsa ya fizgi tiyon daga wuyansa. Kullum kaɗan, zaren cikinsa yana tsinkewa. Ranar da aka yi lodi aka danna birki da ƙarfi a gangare, sai ya fashe. Na lissafa a zuciyata: matsin man birki a irin wannan takawa yana ninka na iskar taya fiye da sau 20. Gaskiya ya faɗa.

Na zauna a kan benci ina kallon yadda ya sake shimfiɗa layin. Ya nemo tiyon birki na ainihi mai ƙarin tsawo, ya auna shi aksil yana rataye, ya bar masa ɗan rara. Bai yarda ya yi tsawo da yawa ba, domin tiyon da ke reto kara zai kama shi a gona, ko ya goga taya, ko ya kwanta a jikin salansa ya ƙone. Da ya ɗaura, ya duba layin da ke jikin robar don tabbatar da cewa bai murɗe ba. Bututun ƙarfen da ke kan aksil, wanda wani ya taɓa bi da shi ta ƙasa ya ɗaure da waya, ya mayar da shi ta sama da baya-baya, inda dutse da kututture ba za su same shi ba, ya kama shi da maƙalai. Da wani yaro ya kawo bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firji, dattijon ya kore shi. Jan ƙarfe zalla yana taurarewa idan girgiza ta yi masa yawa, daga nan ya tsage. Bayan ya fitar da iska daga layin, ya sa aka hau da taya ɗaya kan tudun ƙasa, ya sake shiga ƙarƙashi, sannan aka juya ɗaya gefen.

Akwai kuma wani abu da ni ne na gano shi, kuma na ji daɗin hakan fiye da kima. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul a jikin shasi, da ɗan sanda mai haɗa shi da aksil. Aikinsa auna nauyi: idan bayan motar ya zauna saboda kaya, ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki, idan ya ɗaga ya rage, don kada su kulle motar ta juya. Da muka ɗaga motar muka ƙara mata tauri, sai bawul ɗin ya riƙa ɗaukar ta a matsayin marar kaya, ko da buhu 18 ne a kanta. Ke nan watanni huɗu muna yawo da raunannen birkin baya tun kafin tiyon ya fashe. Dattijon ya jinjina kai, ya ce yawancin masu kawo masa aiki cewa suke a cire shi a huta. Muka ɗaga mazaunin sandan daidai da yadda aka ɗaga motar.

Abin da ya cece mu a gangaren, bayan kiyayewar Allah, shi ne tun ƙarshen shekarun 1960 ake raba birkin mota gida biyu, ta yadda idan na baya ya zube na gaba zai saura, can kusa da ƙarshen feda. Shi da giya da yashi suka tsayar da mu.

Tsohon tiyon yana cikin durowar ofishina. A zangon da ya wuce na shiga da shi aji, na miƙa aka zagaya da shi kafin in rubuta komai a allo. Bayan darasi wani ɗalibi ɗan Danja ya biyo ni, ya ce motar da mahaifinsa ke kai tumatir da ita ma an ɗaga ta bara. Na zana masa a bayan takardarsa inda za a kafa jak ɗin, da inda zai sa ido idan aksil ya rataya.