Zuwa ga Baffa, daga Liyon

Ina fata kuna lafiya, da su Goggo da yara baki ɗaya. Yaya zafin Garwa? Na san yanzu Binuwai ya ja baya, yashi ya fito fili, yara sun koma wanka a ramukan da ruwa ya bari. Allah ya kawo damina lafiya.

Saƙon da kuka bar mini a waya ya iso. Kun ce dattawa a ƙofar masallaci suna tambayarku wane irin likita ne ɗan naku, wanda ba a taɓa jin ya buɗe asibiti ba. Tambayarsu tana kan hanya. Amma ku gafarce ni, aikin nawa ba ya bayyanuwa sai an ambaci abin da ɗa ba ya ambata a gaban uba.

Ciwon daji nake bincike a kai, na mafitsara da sauran hanyar fitsari. Ba na yanka kowa. Likitan tiyata ne ke yanko ɗan nama daga jikin majinyaci, ya aiko mana, mu kuma mu duba shi a madubin likita, mu karanta ƙwayoyin gadon da ke cikinsa, mu nemo inda ɓarnar ta fara. Shekara takan wuce a kan tambaya ɗaya. Aikin kuma na kwantiragi ne, na shekara biyu ko uku, kafin ya ƙare mutum ya rubuta takardar neman kuɗin na gaba. Shi ya sa ban gina gidan da ake ta jira ba.

Abin da ya jawo ni wannan fanni yana nan kusa da ku: tsargiya. Kun san yadda ake ɗaukarta a wajenmu. Yaro ya yi fitsarin jini, a ce rana ce ta buge shi, wasu ma su ce alamar balaga ce. Alhali tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Tana girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwa mai kwanciya, irin na tafki da kududdufin rafi da magudanan noman rani, kamar waɗanda ke ƙasan dam ɗin Lagdo da aka gama a 1982, ko na shinkafar Maga. Ta fata take shiga yayin wanka ko wanki ko kamun kifi, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ɗaruruwan ƙwai kowace rana. Wasu ƙwayayen suna fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani. Wasu suna maƙalewa a bangon mafitsara, jiki ya yi ta faɗa da su, miki ya warke ya sake buɗewa. Yaro ya girma, jinin ya tsaya, kowa ya manta. Ba kowa abin ke kai wa ga daji ba, amma wanda ya kai, yakan bayyana ne yana ɗan arba'in ko hamsin, daidai lokacin da gida ya dogara da shi. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura da wannan alaƙa a Masar, kuma a 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take nan cikin Liyon, ta sa tsutsar a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji.

To ga inda zamana a nan yake mini nauyi. Dajin mafitsarar Turawa ba irin namu ba ne. Nasu yawanci na tsofaffi ne, kusan rabinsa daga taba, wani daga sinadaran masana'antu. Sun san shi ciki da bai, har suna zuba maganin BCG a cikin mafitsara don hana shi dawowa, wato dai rigakafin tarin fukan nan da ya bar mana tabo a dantse. Namu na tsargiya daga wani irin ƙwayar nama daban yake tasowa, ba ya jin magani yadda nasu ke ji, kuma kuɗin bincike ba ya binsa. Idan na kawo maganarsa a taro, tambaya ɗaya ake yi mini cikin ladabi: mutum nawa ne ke da shi a arewacin Kamaru? Sai in yi shiru. Mutumin Pitowa ko Gidar da ya rame, aka ce sammu ne ko basir, aka yi ta jiƙo har Allah ya yi masa cikawa, babu littafin da ya shiga. A idon masu raba kuɗi, bai taɓa yin ciwon ba.

Kun sha yi mini nasiha kada in ɗauki ɗabi'ar mutanen nan, kuma ina riƙe da ita. Amma akwai guda ɗaya da na ɗauka da gangan: rubutawa. Komai suna rubutawa. Naman da aka yanko shekaru talatin da suka wuce yana nan a ajiye cikin kakin zuma da lambarsa, da bayanin abin da ya sami mai shi daga baya. Da farko na ɗauka rashin tawakkali ne da son takarda. Yanzu ina ganinsa a matsayin amana, domin wahalar da wani ya sha ita ce ke sa a gane ciwon na bayansa da wuri. Masar ta san cewa irin wannan daji ya ragu sosai a asibitocinta bayan ta yaƙi tsargiya, kuma ta sani ne saboda ta ƙirga kafin da bayan.

Rubutun nan kuwa ba ya yiwuwa sai majinyaci ya buɗe baki. Tun 2002 dokar Faransa ta ba shi haƙƙin a gaya masa abin da ke damunsa, ya kuma karanta fayil ɗinsa. Na ga dattijo sa'anku yana gaya wa likita mace, sa'ar jikarsa, sau nawa yake tashi da dare, ko ɗar bai ji ba. Ni ne na sunkuyar da kai. Mu kuwa kunya ado ce, ba na musu, amma ta hana dattawanmu faɗin abin da ke ƙasa da cibiya har sai fitsari ya tsaya cak. Idan an je asibiti kuma, a ja babban ɗa gefe a gaya masa, shi mai jikin a ce masa da sauƙi. Tausayi ne ya kawo haka, na sani. Sai dai mutum yana da bashin da zai biya da wasiyyar da zai bari, kuma ban ga hujjar ɓoye masa ba.

Kada ku ce na yabe su da yawa. Dattijon nan da ya burge ni shi kaɗai ya zo, shi kaɗai ya hau bas ya koma. A zafin 2003, wanda a Garwa ba za a ko ambace shi ba, mutum wajen 15,000 suka mutu a ƙasar nan, galibinsu tsofaffi, da yawa a ɗaki su kaɗai. Wannan kam ba na sha'awarsa.

Ba daga sifili za a fara a gida ba. Akwai shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya wanda Farfesa Tchuem Tchuenté ya daɗe yana jagoranta, shi ke raba ƙwayar firazikwantel a makarantu. Akwai reshen Cibiyar Pasteur a Garwa, ga kuma jami'ar da aka kafa a 2022 da tsangayarta ta koyon likita. Abin da nake nema wa kuɗi yanzu ƙarami ne: rajista, inda duk wanda ya zo asibiti a Garwa da ƙari a mafitsara za a rubuta shekarunsa da garinsu da ruwan da ya yi wasa a ciki yana yaro, a kuma ajiye naman. Ba ta da ginin da za a yanke wa ƙyalle, shi ya sa take wuyar sayarwa. In an dace, zan riƙa zuwa ina daɗewa.

Kafin nan ina da roƙo. Ranar da aka kawo ƙwayar makaranta, a ba yaran gida abinci su ƙoshi kafin su sha, don takan juya ciki, kuma kada a bar almajiran zaure a baya don ba sa cikin rajistar boko. Sannan Goggo ta ce mini kuna yawan tashi da dare. Ba ita ta fara maganar ba, ni na matsa mata. Sau da yawa kumburin furostet ne kawai na girma, amma dajinsa ya fi kama baƙar fata, kuma gwajin jini na PSA da duban likita ba sa cin yini guda. Na aika kuɗin ta hannun Yaya, shi zai kai ku. Abin da likita ya faɗa, ku sa a rubuta a takarda a turo mini hotonta.

A gaida Goggo da su Inna, da liman da mutanen zaure.

Wassalam,
ɗanku.